Jamus Biyu a Warsha Ɗaya

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Matata takan ce ko ruwan zamzam aka miƙo mini sai na ɗaga kofin na duba gindinsa. Ba ƙarya ta yi mini ba. A Sudan aka haife ni, cikin Hausawan da kakanninsu suka kamo hanyar hajji suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Ni ne na ƙarasa musu tafiyar. Na sauka Jidda da akwatin ƙarfe ɗaya da sana'ar gyaran inji, da kuma wannan hali nawa na duba bayan magana kafin in duba gabanta.

Warshar da na yi aiki a cikinta, wato wurin gyaran injina, tana unguwar Sa'alaba, wata doguwar rumfar kwano ce da zafi ke shiga tun hantsi ya ƙi fita. Injinan ba da wuta da na jawo ruwa muke gyarawa. Mu shida ne, huɗu Hausawa. Mai warshar wani dattijon Bahijaze ne, kuma shi ne kafilina, wato shi ya tsaya mini a wurin hukuma. Sunansa ne a kan iƙamata, takardar da ta ba ni izinin zama a ƙasar, ni da matata da 'ya'yanmu biyu.

Wajen ƙarshen shekarun sittin injinan da ake kawo mana suka fara canzawa. Da na Ingila muka saba, sai ga wasu sababbi suna shigowa ta tashar jirgin ruwa, masu nauyi, masu fenti kore, ba sa ɗigar mai. Ka juya farantin da ke jikinsu sai ka ga daga Jamus suke. Mai warsha ya ga ba mu san cikinsu ba, sai ya ɗauko mana Bajamushe guda ya zama mu'allim a kanmu, wato babban mai koya mana aiki. Mutum ne dogo mai shekara hamsin ko kusa, wuyansa ja kamar an kwaɓe fata, ba ya zama sai ya goge wurin da tsumma.

Ranar farko ya tsaya a kaina ina kwance famfo, ya ce, "Izzayyak ya usta?" Wato yaya kake, gwanin aiki. Na ɗago kai. Larabcin Masar ne tsantsa, kuma ba na makaranta ba, irin na masu tura amalanke. Bature daga can uwa duniya da Larabcin amalanke a bakinsa! Tun daga wannan rana na sa masa ido.

Da aka tambaye shi, ya ce a yaƙin duniya aka kama shi a hamada, Ingilishi suka tsare shi a Masar shekara biyar, a can ya koya. Me yake yi a yaƙin? Makanike ne, in ji shi. Manyan motoci yake gyarawa, bai taɓa harbin kowa ba. Na yi murmushi na ci gaba da aikina. Kafin shi na haɗu da Jamusawa biyu a tashar jirgin ruwa, ɗaya ya ce kuku ne shi a yaƙin, ɗaya ya ce direba. Na ce a raina, to wa ya yi yaƙin ke nan? Masu girki da direbobi ne suka ƙone rabin duniya?

A lokacin shan shayi ni ne mai sharhin duniya, don ni kaɗai ke da rediyo mai kama tashoshin nesa. Abokin gardamata wani tsoho ne ɗan Nijeriya, mai walda, wanda ya yi wa Ingilishi soja kafin ya zo hajji ya zauna. Mukan zauna kan gwangwanayen mai da burodin tamis da wake, mu baje Jamus a faifai da Hausa, mu'allim yana gefe da nasa kofin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin tashinsu. Tun ina yaro mahaifina yake ba mu labarin yadda aka rushe Jamus, aka raba ta biyu, ba a bar bulo kan bulo ba. Shekara ashirin da 'yan kai, ga su suna aiko mana da injinan da ba mu iya kwance su ba sai sun turo malami. Mu kuwa a Sa'alaba har lokacin a kan jaki ake kawo mana ruwa.

"Baba, ka yi lissafi mana," nakan ce wa tsohon. "Jamus ta faɗi warwas, halas, shi ke nan, kowa ya gani. Yau Jamus ce ke koya mana ɗaure noti. Wa ya tashe ta? Ai mutanen nan ne dai. Hula suka canza, kan yana nan."

Shi kuma ya ce, "Kai dai ba ka barin kowa ya tuba. Ci tamis ɗinka, yalla, aiki na jira."

Wata rana na tambayi mu'allim kai tsaye da Larabci yadda ƙasarsu ta tashi, da Larabci kuwa sunan ƙasar Almaniya ne, shi na faɗa. Ya ba ni amsa a natse. Ya ce bayan yaƙi sun sami wani tsoho da ya haura saba'in, mai taurin kai, wanda azzaluman da suka jefa ƙasar cikin yaƙin suka taɓa korarsa daga mulkin birninsu, shi ya riƙe ƙasar shekara da shekaru, ya sasanta da maƙwabtan da suka yi ta kashe juna da su. Ya ce Amurka ta taimaka. Amma abin da ya fi daɗewa a kai shi ne mahaifiyarsa. Ya ce da ya koma gida daga Masar a bakin titi ya same ta cikin layin mata, kowace da guduma, suna kankare tsohon siminti daga bulon gidajen da suka rushe, suna jerawa don a sake gini da su. Ya nuna da hannu yadda ake buga gudumar a karkace don kada bulon ya fashe.

Labarin ya taɓa ni, ba zan ƙi faɗa ba. Amma sai na ce, "Na ji na tsoho, na ji na mata. Alƙalan da suka yi wa azzaluman shari'a fa, da masu masana'antun da suka ƙera musu makamai, ina suka tafi?"

Ya dube ni ya ce, "Wasu sun mutu. Wasu suna nan." Ya kurɓe shayinsa ya tashi.

Na juya na ce wa tsoho mai walda da Hausa, "Ka gani ko? Jamus ke nan. Ba ta ba ka amsa sai rabi."

A nan ne na fara lura da wani abu. Duk lokacin da na ce Jamus, ko yana can ƙarshen rumfa, sai kafaɗarsa ta motsa, jan wuyansa ya hau har kunne. Sauran Hausarmu ba ta dame shi ba, wannan kalma ɗaya ce. Na ce alhamdu lillahi, na kama shi. Mutumin da sunan ƙasarsa ke sa shi tsarguwa, akwai abin da ya binne. Sai na ƙara ƙaimi. In zai wuce in ce, "Ga Jamus nan tafe." In ya yi faɗa in ce, "Yau Jamus ta tashi da zafi." Sauran su yi dariya, shi kuma ya yi ja. Na fi shekara ina wannan, ina ji a raina ni wani babban mai bincike ne.

Ana cikin haka, da azumi, mai warsha ya tara mu ya ce ya sami fili a sabuwar Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu da ake buɗewa kudu da gari. Warsha za ta koma can da sababbin na'urori, mutum uku kawai ake buƙata, kuma mu'allim ne zai rubuta sunayen waɗanda za a tafi da su. Sauran zai sallame su, ya janye kafalarsa. Iƙamata kuwa bayan hajji za ta ƙare, matata tana da ciki na uku. In ban shiga cikin ukun nan ba, kuma ban sami wani kafili ba, jirgin ruwa ne zuwa Sudan, inda ba abin da ya rage mini sai kaburburan iyayena. Duk da haka ban tsorata ba. Na san a warshar nan ba wanda ya kai ni hannu, shi kansa mu'allim in famfon mai ya gagara ni yake miƙo wa.

Bayan ƙaramar salla da kwana biyu mai warsha ya kira ni ɗan ofishinsa. Ya ajiye takarda a gabana, sunaye uku, babu nawa.

"Ya ibni, ɗana," ya ce, "kai mai hankali ne, mai iyali. Me mutumin nan ya yi maka da kake kiransa jamus a gaban ma'aikatansa fiye da shekara?"

"Ya ammi, baba, ai ƙasarsu ce."

"Ƙasarsu? Ɓauna ce ƙasarsu?"

Sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya. Jamus da Larabci ɓauna ce, baƙar dabbar nan mai kwanciya cikin taɓo, wadda manoman Masar ke ɗaura wa garma. Kuma a Masar in an ce wa mutum jamus, ana nufin ƙaton dolo mai kaurin wuya. Na san kalmar sarai, a Sudan na tashi. Amma mai harshe biyu kamar mai ɗaki biyu ne, kowane da kayansa. In ina Hausa, Jamus ƙasa ce, dabbar ɓauna ce, tun daga bakin mahaifina haka na ji. Ban taɓa ɗaukar wannan na kai ɗakin wancan ba. Ga shi a Jidda ba a kiwon ɓauna balle wani ya ambace ta ya tuna mini. Mutumin da ya yi shekara biyar a Masar kuwa, ma'ana ɗaya tak ya sani.

Na yi wa mai warsha bayani. Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen rawaninsa, sannan ya ce, "Wallahi kun iya magana. Duk duniya Almaniya ake cewa, ku kaɗai aka ba wa ɓauna? Ni ba ruwana. Je ka gamsar da shi. In ya canza takarda na sa hannu, in bai canza ba, halas."

Na sami mu'allim yana wanke hannu da kananzir. Na faɗa masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Kwayyis, madalla, ya usta. Dabara ce mai kyau. Yaushe ka ƙirƙiro ta, jiya ko yau da safe?"

Na kira tsoho ya yi shaida. Mu'allim ya ce, "Abokinka ne, tare kuke dariyar." Na kira sauran biyun, ya ce su ma haka. Ya ce ni ne mafi iya aiki a cikinmu, bai musa ba, amma ba zai tafi sabon wuri da mutumin da ke zaginsa da murmushi ba. Irin kallon da ya yi mini na gane shi nan take, don shi nake yi masa tun ranar da ya ce makanike ne shi kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gaskiya tsagwaronta nake faɗa, amma ni kaina da na ji ta a kunnena sai ta yi mini kama da ƙarya.

Kwana uku ina neman hujja. Ba littafin Hausa ko ɗaya a unguwarmu da ya ambaci ƙasar. Na je wurin wani malami mai sayar da littattafai, sai na addini. Na daina cin abinci sosai. Matata ta gaji da ganina ina zagaya tsakar gida, ta ce, "Malam, akwatin nan da ka hana mu sakat da shi, ba daga ƙasarsu wasu ke magana da Hausa a ciki ba? Su me suke ce mata?"

Na tsaya na dube ta. Shekara nawa ina sauraron tashar nan don in kama su da ƙarya, ban taɓa tunanin za ta zama mai shaidata ba. Rediyon ma kansa ƙirar Jamus ne. Na daɗe ina zagin ƙasar da kayanta a kunnena.

Kashegari na naɗe shi da bargo na ɗora a keke. Bayan la'asar na ajiye shi kan teburin aiki, na ja waya na ɗaura a ƙarfen rufi, don tashar ba don mu ake watsa ta ba, can yammacin Afirka take nufa, mu ragowa muke tsinta. Na roƙi mu'allim ya ba ni minti goma. Ya tsaya ya harɗe hannu. Na yi ta murɗa, sai shuuu da ƙara, gumi yana sauka mini a ido. Tsoho ya kashe injin walda. Na ce a zuciyata, ya Allah, yau kaɗai.

Sai kiɗan buɗe tashar ya fito, kuma na ga mu'allim ya san shi, don girarsa ta ɗaga. Bayansa muryar wani Bahaushe, tana zuwa tana tafiya. Ya ambaci birnin da yake magana daga ciki, sunan da mu'allim ya sani, ya bi shi da Jamus. Ya ambaci sunan shugaban gwamnatinsu, ya bi shi da Jamus. Cikin minti biyu ya faɗe ta sau biyar ko shida, cikin ladabi da murya mai nauyi.

Mu'allim ya saki hannuwansa. Ya nemi gwangwani ya zauna, ko gogewa bai yi ba. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Gwamnatina," ya ce, "ta ɗauki mutum aiki, ta ba shi ofis, don ya riƙa gaya wa Afirka mu ɓauna ne!"

Muka yi dariya duka. Da na kashe rediyon a nan, da labarin ya ƙare da daɗi. Amma ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata. Me yake cewa game da shugaban? Na ji yana ta maimaita sunansa."

Na kasa kunne na fassara masa. Shugaban nasu na lokacin ba tsohon nan mai taurin kai ba ne, wani ne da ya gudu daga ƙasar a zamanin azzaluman, bai yi musu yaƙi ba. Ya kai ziyara wata ƙasa da ke gabas da su, wadda sojojinsu suka yi wa ta'asa. An kai shi wurin tunawa da mutanen da aka tsare a wata unguwa aka hallaka su. Ya ajiye furanni kamar yadda aka tsara, sannan ba tare da kowa ya zata ba ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a ƙasa, ya yi shiru. Mai labarin ya ce a gida mutane sun rabu, wasu sun ce ya kyauta, wasu sun ce ya wuce gona da iri.

Halina bai bar ni ba. Ban gama fassara ba na ƙara da nawa, na ce, "Siyasa ce. Wanda bai yi laifin ba shi ne mai durƙuso, masu laifin suna gida suna shan shayi."

Tsoho ya taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Mu'allim bai yi ja ba a wannan karon. Fuskarsa fari ta yi. Ya daɗe yana kallon rediyon, sannan ya ce wa sauran su koma aiki. Da suka watse ya yi magana a hankali, ba ni yake kallo ba.

"Na gaya maka motoci nake gyarawa. Gaskiya ne. Kafin a kai ni hamada, a ƙasar nan da shugaban ya durƙusa na yi shekara biyu. Motocin suna dawowa wurina da yamma, in gyara, in wanke bayansu. Ka yi mini tambaya iri-iri, ya usta, amma ba ka taɓa tambayata me motocin suke ɗauka ba."

Ban tambaya ba.

"Nakan tsinci takalma a ciki," ya ce. "Wasu ƙanana." Ya nuna tsawonsu da yatsu biyu. Daidai ƙafar 'yata ta biyu.

Ya tashi, ya ɗauki tsumma ya goge gwangwanin da ya zauna a kai, ya shiga ofishin mai warsha.

Fiye da shekara ina haƙa don in sami wannan. Na yi zaton ranar da na same shi zan ji daɗi, in zo wurin shayi in ce, ba na gaya muku ba? Ban ji daɗin komai ba. Tsoro na ji, da ƙyama, da wani tausayi da ban so ba. Na naɗe rediyona na tura keke har gida ban hau ba.

Da safe mai warsha ya nuna mini takardar. An soke suna ɗaya an rubuta nawa. Wanda aka soke tsoho ne. Tsohon ya ce mini dama yana so ya koma wurin ɗansa a Makka, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ɗana, kai ne mai ƙananan yara." Ko da gaske yake, ko don ya sauƙaƙa mini ne, ban sani ba. Shi kaɗai ne mutumin da na yanke shawarar ba zan bincika maganarsa ba.

Na yi shekara uku tare da mu'allim a Madinar Masana'antu. Bai sake tada zancen ba, ni ma haka, kuma ban gaya wa kowa ba sai yau. Na koyi aiki a hannunsa fiye da yadda na koya a hannun kowa. Har ya koma ƙasarsu ban gane ba, ya sa sunana ne don na iya aiki, ko don rediyo ya wanke ni, ko don yana so wanda ya sani ya zauna kusa da shi inda zai riƙa ganinsa.

Ranar da aka sabunta iƙamar, bayan hajjin waccan shekarar, na kawo ta gida, matata ta karɓa ta sumbace ta, ta sa a ƙasan akwati. Jaririyar tana da wata biyu. Ta ce in je in yi wa mu'allim godiya, in kai masa ko da dabino ne, tunda albarkacinsa yaranmu za su tashi a Jidda. Na ce to. Na fita ƙofar ɗaki zan sa takalmina, sai ga na yaran a jere a bakin ƙofa, ta wanke su ta kife suna shan iska. Na daɗe a tsaye a kansu. Sannan na je na sayi dabinon na kai masa.